Kumfa da zaƙi: tarihin kwalbar da yaranmu ke gani

A wani biki da na je a Zinder, an kawo kwalabe masu wuyan zinariya, aka buɗe su da ƙara, kumfa na zuba, matasa na ɗaukar hoto. Ruwan inabi ne kawai da aka sa wa gas, ba mai sa maye ba. A hanyar gida ɗiyata ta tambaye ni: "Baba, ashe ita ma shamfan ɗin ta gaske lemu ce, tunda kumfa take yi?" Na ce mata haramun ce, ta yi shiru. Daga baya na gane ban amsa abin da ta tambaya ba. Ga amsar da ya kamata in ba ta.

Kowace giyar inabi daga abu guda take farawa. Yis, irin wanda ake kwaɓa fanke da shi, yakan cinye sukarin da ke cikin ruwan inabi, ya fitar da sinadarin maye da kuma iska. Louis Pasteur ne ya tabbatar, tun daga wajen 1857, cewa ƙananan halittu masu rai ne ke wannan aiki.

A yankin Shamfan, arewa maso gabashin Faransa, sanyin hunturu yakan tsayar da yis kafin ya gama. Sai a zuba giyar a kwalba ana zaton ta nuna. Da ɗumi ya dawo, yis ya farka, iska ta rasa hanyar fita, kwalabe su yi ta fashewa. A lokacin, kumfa asara ce. Dom Pérignon, malamin cocin da ya kama aiki a Hautvillers a 1668, ana yawan cewa shi ya ƙirƙiro shamfan, alhali tun 1662 wani Baturen Ingila, Christopher Merret, ya rubuta yadda ake ƙara sukari a giya don ta yi kumfa. Ingilawa ne kuma suka fara ƙera kwalba mai ƙwari da wutar gawayin ƙasa. Wajen 1816 gidan Madame Clicquot ya samo dabarar kifa kwalba ana juya ta kaɗan-kaɗan har gurɓin yis ya taru a wuya a fitar da shi. Har yau haka ake yi: a ƙara sukari da yis, a toshe, giyar ta sake tashi a cikin kwalbarta. Matsin iskar ya ninka na tayar mota fiye da sau 2. Cava ta Sifen ma haka ake yin ta, Prosecco ta Italiya kuwa a babban tanki take tashi. In an rubuta "brut", sukari kaɗan ne, "doux" kuma mai zaƙi. Dukansu maye ya kai kashi 11 zuwa 12 cikin 100, wato ninki biyu na biya.

Kashi na biyu, giyar da ake ƙara wa ƙarfi, daga fatauci ta fito. Yaƙe-yaƙen Ingila da Faransa sun sa ƴan kasuwar Ingila suka koma sayen giya a Fotugal, yarjejeniyar Methuen ta 1703 kuma ta rage mata haraji. Don kada ta lalace a jirgin ruwa, sai ake zuba mata barasar da aka tace da wuta. A giyar Porto ana zuba barasar ne tun yis bai gama aiki ba. Yis ya mutu, sukari ya saura, shi ya sa take da zaƙi kamar zuma alhali mayenta ya kai kashi 19 zuwa 22. A 1756 gwamnatin Fotugal ta shata iyakar gonakin kwarin Douro da doka. Sherry kuwa, daga garin Jerez na Andalus wanda Larabawa suke kira Sharish, sai yis ya gama ake ƙara mata ƙarfi, don haka yawancinta ba zaƙi. Madeira ma da gangan ake ɗumama ta, don an lura zafin tafiyar jirgi yana canja ɗanɗanonta.

Ga abin da malaman lakwal za su so: kalmar Faransanci "alcool" daga Larabci "al-kuhl" take, wato kwallin da matanmu ke sa wa a ido. Turawa sun fara kiran kowane gari mai laushi da wannan suna, daga baya ya koma kan abin da aka tace.

Me ya sa na tsaya ba da wannan tarihi, mu da ba ma sha? Domin yaro yana auna haɗari da harshensa. A wajensa abin da ke da ɗaci shi ne giya, mai zaƙi ko mai kumfa kuwa lemu ne. Tarihin nan ya nuna akasin haka: Porto, duk da zaƙinta, ta ninka biya kusan sau 4. Ɗanmu da zai tafi karatu Yamai ko ƙetare, wata rana za a miƙo masa kofi a ce "ai wannan ba komai". Hukuncin addini ya riga ya sani. Abin da ya rage mu koya masa shi ne ya juya kwalba ya karanta lambar da ke gaban "% vol". Da na nuna wa ɗiyata haka, sai ta ɗauko kwalbar bikin da muka zo da ita ta duba da kanta.

Allah ya shirya mana zuri'a.