Badalar Kano: Doka a Abuja, Fili a Hannun Gwamna

Tun rusau ɗin shekarar 2023, lokacin da gwamnatin Kano ta ce za ta kwashe ɓaraguzan gine-ginen da ta rushe ta gyara badala da su, wata tambaya ke yawo a majalisu, har wani mai karatu ya aiko mana da ita a rubuce: wai shin badalar nan ta wace ce? Ta sarki ce, ta gwamna ce, ko ta gwamnatin tarayya?

A zamanin da, ba mai yin wannan tambaya. Tsohon kundin tarihin sarakunan Kano ya ce Sarki Gijimasu (1095–1134) ne ya soma ginin, ɗansa Tsaraki ya ƙarasa. Muhammadu Rumfa (1463–1499) ya faɗaɗa ta, Muhammadu Nazaki ya sake ƙarawa a ƙarni na 17. Sunayen da ake haddacewa a makaranta ke nan. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne yadda tudun ƙasa ya yi shekaru ɗaruruwa yana shan damina bai narke ba. Kowace ƙofa da sarkinta, shi ke rufe ƙyaure da almuru ya buɗe da asuba, ya san mai shiga da mai fita. In ruwa ya ɗauke, a yi gayya: a kwaɓa ƙasa, a cura tubali, magina su hau su toshe inda ya zaizaye. Wanda ya yi sakaci da rabonsa an san shi, an kuma san wanda zai tuhume shi.

Akwai masu cewa igwar Turawa ce ta kashe badala. Wannan magana ba ta zauna mini ba. Ranar 3 ga Fabrairu 1903, da rundunar Kanar Morland ta iso, Sarki Alu na can ya tafi Sakkwato, igwa ba ta iya yi wa jikin ganuwar wani abin kirki ba. Sai da suka koma kan ƙofa, ta wajen Kabuga, sannan suka samu shiga. Shi kansa Lugga, jagoran Turawan, da ya zo ya gani, ya rubuta mamakin tsayinta da kaurinta. Ɓarnar da mulkin Turawa ya yi ta wata fuska ce: yaƙi ya ƙare, rufe ƙofa ya zama al'ada kawai, gayyar shekara-shekara ta mutu. Ginin ƙasa kuwa, ranar da aka daina yaɓe shi ranar ya fara komawa ƙasa.

Doka ta zo daga baya, kuma daga nesa. Wani Bature malamin zane, Kenneth Murray, wanda ya zo Nijeriya a 1927, shi ya nace wa gwamnatin mulkin mallaka har ta yi dokar kayan tarihi a 1953. A 1979 sojoji suka maye gurbinta da Doka mai lamba 77, wadda ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa. Badala da ƙofofinta na cikin jerin abin da hukumar ke karewa, kuma a takarda ba mai ikon taɓa su sai da izininta. To amma shekara guda kafin nan, a 1978, waɗannan sojojin dai sun yi dokar amfani da ƙasa, wadda ta danƙa filayen birane a hannun gwamna. Wato katangar ta tarayya ce, ƙasar da take tsaye a kai da filin da ke gefenta na gwamna ne, shi ke sa hannu a takardar mallaka. Masarauta da masu unguwanni, waɗanda kakanninsu suka gina abin, ba su samu gurbin kirki a ko ɗaya daga dokokin biyu ba.

A 2010 aka ga sakamakon wannan rabo ƙiri-ƙiri a Ƙofar Na'isa. Wanda ya san ta a da zai tuna ƙofa ce ta ƙasa, mai kauri, mashigarta matsattsiya, an gina ta ne don mai doki da mai jaki, ba don motar haya da babur ba. Gwamnatin jiha ta lokacin, ta Malam Ibrahim Shekarau, ta sa aka rushe ta don faɗaɗa titi. Hukumar tarayya ta fito a jaridu ta ce an karya doka, amma ihu ne bayan hari.

Hujjar masu rushewa ba ta banza ba ce, kuma duk wanda ya taɓa maƙalewa a cunkoson shiga gari da yamma ya san haka. Gari ya cika, mai naƙuda ba za ta jira tarihi ba. Sai dai hujjar na da rami, domin Kano ta taɓa fuskantar irin wannan matsala ta kuma warware ta. A zamanin Sarki Abdullahi Bayero, da mota ta shigo gari aka buƙaci hanya, sai aka huda Sabuwar Ƙofa. Da an so, da an fasa titi a gefen Na'isa an bar ta tsaye, motoci na zagaye ta. Wannan ya fi tsada, ya kuma buƙaci zama da hukumar da ba ta ƙarƙashin gwamna. Katafila ta fi sauƙi. Ƙofofin da aka faɗaɗa aka sake ginawa da siminti kuwa, aka yi musu zanko da fenti launin ƙasa, gyaran gangar Auzinawa ne: sunan na nan, ginin magabata babu.

A nan nake rabuwa da masu ɗora wa talaka laifi. Gaskiya ne mutane sun yi ta ɗibar ƙasar badala suna gini, sun zuba shara a kududdufan gindinta, wasu sun yanki jikinta sun kafa ɗaki. Amma mai buhu da jaki shekara nawa zai yi kafin ya cinye abin da katafila ke kwashewa kafin azahar? Shagunan da suka jeru a kan titin Jami'ar Bayero, inda da ake hango badala, ba almajirai suka yanka filotansu ba. Kuma gwamnatoci daban-daban ne suka yi, na kowace jam'iyya, don haka kada wani ya ɗauki wannan ya tafi da shi dandalin siyasa.

A 2007 Nijeriya ta sa badala, tare da Dutsen Dala, Kasuwar Kurmi da Gidan Rumfa, cikin jerin wuraren da take son UNESCO ta amince da su a matsayin kayan tarihin duniya. Tsohon garin Agadas, wanda shi ma ginin ƙasa ne, ya samu wannan matsayi a 2013, kuma cikin abin da aka duba har da tsarin kula da gine-ginensa, wanda fadar Sarkin Abzin ke da hannu a ciki. UNESCO na tambayar iyakar wuri, da filin da aka keɓe kewaye da shi, da wanda zai hana gini a ciki. Kano na nan a layin jira.