Gangunan garin Koko

Ƴan uwa, ku saurara ku ji labarin wani gari da ake kira Koko. Ƙaramin gari ne na bakin ruwa a kudancin Najeriya, mai tashar jiragen ruwa.

Daga shekara ta 1987 zuwa 1988, jiragen ruwa suka riƙa zuwa daga Italiya suna sauke ganguna a Koko. Ganguna dubbai, nauyinsu ya fi tan 3000. Masu kayan suka yi hayar filin wani dattijo, suna ba shi dalar Amurka 100 kowane wata. Ba su gaya masa gaskiyar abin da ke ciki ba.

To, mene ne a ciki? Sharar masana'antu ce mai guba. A Turai doka ta tilasta a kashe kuɗi mai yawa kafin a rabu da irin wannan shara. Shi ya sa suka nemi inda babu mai tambaya.

Rana ta doke gangunan, ruwan sama ya doke su. Wasu suka kumbura, wasu suka fara yoyo. Guba ta shiga ƙasa.

Ɗaliban Najeriya da ke karatu a Italiya ne suka ga labarin a jaridun can. Suka aiko da shi gida. Cikin watan Yuni na 1988 asiri ya tonu. Gwamnatin Janar Babangida ta kira jakadanta daga birnin Rum, ta ce sai Italiya ta kwashe kayanta.

A nan ne leburori suka sha wuya. An sa su lodin gangunan ba da isassun kayan kariya ba. Wasu suka ƙone a jiki, wasu suka yi ta amai, har aka kai su asibiti. Jirgin da ya ɗauki wani kashi na sharar, mai suna Karin B, ya yi ta yawo a teku. Ƙasashen Turai suka hana shi tsayawa, sai da ya koma Italiya.

Wannan masifa ta farkar da mutane. A 1988 Najeriya ta yi doka: wanda ya shigo da shara mai guba, ɗaurin rai da rai. A 1989 ƙasashen duniya suka yi yarjejeniya a Bazel, cikin ƙasar Suwis: ba a aika wa wata ƙasa kaya masu guba sai da saninta da yardarta. A 1991 ƙasashen Afirka suka taru a Bamako, suka hana shigo da irin wannan shara gaba ɗaya. Nijar tana cikin wannan yarjejeniya.

Ɗan uwa, kada ka ce Koko tana da nisa. In gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Maganin fara da maganin ƙwarin auduga da man fetur suna bin hanyoyinmu kullum.

In an kira ka lodi, tambayi abin da ke cikin gangar. Duba jikinta. Hoton ƙoƙon kan mutum da ƙasusuwa biyu, guba ce. Hoton harshen wuta, abu ne mai kamawa. Nemi safar hannu da takalmin roba da abin rufe hanci. Kada a haɗa buhun hatsi da maganin ƙwari a mota ɗaya. Gangar da ta taɓa ɗaukar guba, ko an wanke ta sau goma, kada uwargida ta zuba ruwan sha a ciki.

Kuɗin lodi na yini ɗaya ne. Lafiyarka kuwa ita ce jarin iyalinka.