Debrecen a Lokacin Kirsimeti: Fitilu a Dandali, Farin Bango a Coci

Duk watan Disamba, dandalin Kossuth da ke tsakiyar Debrecen, birni na biyu mafi girma a Hangari, yakan cika da rumfunan katako da fitilu da ƙamshin gasasshen burodi mai sukari. Baƙi sukan ɗauki hoton Babban Coci mai ruwan ɗorawa da hasumiyoyinsa biyu, su yi gaba. Wanda ya tsaya nan ya ga ƙawar bikin, amma bai fahimci dalilin da ya sa ake yi wa garin laƙabi da "Rum ta mabiya Calvin" ba.

Dalilin yana cikin ginin. Mai shiga zai tarar da farin bango, babu gunki, babu zanen waliyyai, mimbari ne ke jan ido. Wannan rashin ado aƙida ce: a wurin Furotesta mabiya Calvin, wa'azi da karatun Littafi Mai Tsarki su ne ginshiƙin ibada. Majalisar malaman coci da ta zauna a Debrecen a 1567, ƙarƙashin Bishop Péter Méliusz Juhász, ita ta tabbatar da wannan tafarki. Daga nan makaranta ta samu daraja, kuma Kwalejin da aka kafa a 1538 tana bayan cocin, taku kaɗan ne tsakaninsu.

A lambun da ya raba gine-ginen biyu akwai ginshiƙin tunawa da fastocin da aka sayar bayi, suka tuƙa jiragen ruwa a Naples, har kwamandan sojan ruwan Holan, Michiel de Ruyter, ya 'yanta su a 1676. Fafaroma John Paul II ya ajiye furanni a gindinsa a 1991.

Masu cewa wannan gadon na 'yan ɗarika ɗaya ne kawai sun manta da siyasa. A cikin cocin nan, wanda aka sake ginawa bayan gobarar 1802, ɗan siyasar Hangari Lajos Kossuth ya shelanta tsige gidan sarautar Habsburg ranar 14 ga Afrilu, 1849, kuma kujerarsa tana nan har yau. Haka nan a ɗakin addu'ar Kwalejin, Majalisar Dokoki ta wucin gadi ta zauna ranar 21 ga Disamba, 1944, saura kwana huɗu Kirsimeti, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, sojojin Sobiyat suna shirin yi wa Budapest ƙawanya.