Masu ji da masu magana: waiwaye kan rediyon sha'awa a Lome

Togo ta shiga tarihin wayar iska tun da wuri. Tsakanin 1911 da 1914 kamfanin Telefunken ya gina wa Jamusawa wata ƙatuwar tasha a Kamina, kusa da Atakpame, wadda ke magana kai tsaye da Nauen a gefen Balin, nisan kilomita fiye da 5,000. Da yaƙin duniya na farko ya ɓarke, wannan tasha ce ta jawo Ingilishi da Faransawa cikin ƙasar. Alhaji Grunshi, sojan rundunar Gwalkwas da ake cewa shi ya fara harba harsashi a ɓangaren Ingila a yaƙin baki ɗaya, a wannan gumurzu ya harba shi, cikin watan Agusta 1914. Jamusawa suka rushe tashar da hannunsu, suka miƙa wuya ranar 26 ga watan.

Wannan aikin gwamnati ne mai cin maƙudan kuɗi. Ba a cika shekara goma ba sai ga wasu masu sha'awa sun yi kwatankwacinsa daga cikin ɗakunansu. An bar musu gajeren zango ne saboda ana ganin ba shi da amfani, ashe shi ne ke tashi ya bugi saman sararin samaniya ya dawo ƙasa can wata nahiya. A Nuwamba 1923 wani Bafaranshe a Nice, Léon Deloy, ya yi musayar saƙo da Amurka. A 1925 suka kafa ƙungiyarsu ta duniya, IARU, a Faris.

Ga yadda harkar take. Mutum zai ci jarrabawa, hukuma ta ba shi lasisi da lambar kira, wadda farkonta ke nuna ƙasar da yake: 5V Togo, 5N Najeriya, 5U Nijar, 9G Gana. Ya ɗaura eriya, ya kunna oba-obarsa, ya yi kira. Duk wanda ya amsa, sai su gaya wa juna ƙarfin sigina, daga baya su aika wa juna kati ta gidan waya don shaida. Tun 1937 akwai takardar yabo da ake ba wanda ya tara ƙasa 100. Nan ne darajar Togo ta fito, domin ƙasar da masu lasisi suka yi ƙaranci a cikinta ita kowa ke nema. Baturen da babu mai kula kiransa a garinsu, da zarar ya sauka Lome aiki ya karɓi lamba mai farawa da 5V, sai ka ji Japan da Turai da Amurka suna turereniya a kansa. Bayan samun 'yanci a 1960, galibin muryoyin da aka riƙa ji daga Togo na irin waɗannan baƙi ne: injiniyoyi, 'yan mishan, ma'aikatan jakadanci.

Su kuwa mutanen tsohon Zongon Lome, wanda a da yake gefen unguwar Amoutivé, su ma baƙi ne, kuma sun fi kowa sanin gajeren zango. Tun da BBC ta buɗe sashen Hausa a 1957, Jamus ta biyo a 1963, Muryar Amurka a 1979, ga kuma Rediyon Kaduna, akwatin rediyo ya zama abokin shayi da tabarma. Mahauci da dillalin shanu sun haddace mita 16 da 19 da 25, sun san sa'ar da murya ke fita tangaran da sa'ar da take nutsewa. Suna rubuta wasiƙa a gaida 'yan'uwa a Kano ko Maraɗi. Ta fuskar kunne dai babu abin da wancan Bature zai nuna musu.

To me ya hana su ɗaukar makirfo? Tsadar na'ura na ciki, haka jarrabawa da Faransanci, da tilascin koyon bugun Morse da ba a sauke shi a dokar duniya ba sai 2003. Gwamnatin soja ta wancan zamani ma, bayan hawan Eyadéma mulki a 1967, ba ta sakin jiki da na'urar aika saƙo a hannun talaka. Amma a ganina babban dalilin yana cikin dokar harkar kanta: haramun ne a yi maganar ciniki a kan zangon masu sha'awa. Ɗan Zongo kuwa abin da yake son ji daga nesa shi ne farashin goro, da ranar da shanu za su iso, da lafiyar iyali. Wannan labari yana samunsa a bakin direba da zauren maigida. Ka ce masa ya kashe kuɗin sa guda don ya gaya wa wani mutumin Osaka cewa yana jinsa sosai, sannan su yi sallama, ai sai ya dube ka.

A 1977 hukuma ta rushe Zongon, aka kwashe mutanensa zuwa Togblékopé, can arewacin gari. Akwatunan rediyo suka bi kaya.

Baƙi masu eriya ba su daina zuwa ba, salon ne ya canza. Maimakon mazaunin shekaru, sai ayari mai zuwa na 'yan kwanaki. Daga 1996 zuwa 1998 wata ƙungiyar Ingilishi da Amurkawa, Voodoo Contest Group, ta riƙa sauka Lome kowane ƙarshen Nuwamba da lambar 5V7A, don gasar duniya ta bugun Morse mai ɗaukar awa 48 ba tsayawa. Daga baya suka zaga Wagadugu da Yamai da Bamako. Suna zuwa da kayansu, suna komawa da su.

Wayar salula ta zo ta ba ɗan Zongo ainihin abin da yake nema, har ya zama yanzu ta WhatsApp ake yanke cinikin rago. Ita ma harkar sha'awar ta sauya. Tun 2017 tsarin FT8 ya sa kwamfuta ke tsinto siginar da kunne ba ya ji, ƙaramar na'ura da waya ɗaure a bishiya sun isa a kai Turai. Lasisi yana hannun hukumar sadarwa ta ARCEP. Hannun aikin kuma akwai shi: samarin da ke narka dalma suna gyaran salula a Déckon, maƙwabtan Amoutivé, suna yin aikin da ya fi haɗa ƙaramar oba-oba wuya a kullum.