Motar Daji da Masu Gyara Ta a Ƙofar Gida

Duk wanda ya tashi a arewacin Najeriya ko a Nijar ya san akwai motar gari, akwai kuma motar daji. Ta daji ita ce mai jan ƙafa huɗu, wadda ake turawa inda kwalta ta ƙare, ta keta yashi da taɓo da kwazazzabai. Irin wannan mota ba ta daɗewa a hannun wanda bai iya kama sifana ba, domin inda takan tsaya babu gareji, babu mai sayar da kayan gyara. Shi ya sa tarihinta a ƙasarmu ba ya rabuwa da tarihin mutanen da suka koyi kwance ta da ɗaure ta a ƙofar gidajensu. Ni ɗan direba ne, cikin ƙamshin baƙin mai na buɗe ido, kuma har yau ina riƙe da tsohuwar Land Cruiser mai injin dizal da turbo, wadda da hannuna nake yi mata yawancin aikinta.

Injin da muke fama da shi yau haɗuwar dabaru uku ce. A shekarar 1897, a garin Augsburg na Jamus, Rudolf Diesel ya tayar da injin da ba ya buƙatar fulogi: fistin ya matse iska har ta yi zafi, a fesa mata mai, wuta ta kama da kanta. A 1905 wani injiniya ɗan Suwizalan, Alfred Büchi, ya yi rajistar dabarar sa hayaƙin salansa ya juya farfela, ita kuma ta cusa wa injin ƙarin iska. Turbo ke nan. Sannan a 1927 kamfanin Bosch ya fara ƙera famfon da ke auna mai ya tura wa kowace silinda rabonta a daidai lokacinta. Duka ukun nan aikin ƙarfe ne zalla, ido na ganinsu, kunne na jinsu, hannu na iya taɓa su. A nan asirin daɗewar waɗannan motoci yake.

Motar dajin da ta fara zama 'yar gida a wurinmu ita ce Land Rover, wadda aka fito da ita a 1948 daga Solihull ta Ingila. Ƙarancin ƙarfe bayan Yaƙin Duniya na Biyu ya sa aka yi jikinta da alminiyam, abin da ya hana ta tsatsa. Da ita Di'o ke rangadi, da ita malaman gona da na asibiti ke shiga ƙauyuka. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya tuƙa ta a ma'aikatar dabbobi lokacin gangamin allurar bushiya da aka fara a 1962 a ƙasashen Tafkin Chadi, suna bin rugage har inda babu ko sawun keke. Akwatin kayan aikinsa yana nan a wurina: sifanoni, filaya, ƙunshin waya, yankakkiyar robar tsohon tub, da wurin ajiye sabulu, domin idan tankin fetur ya tsage da sabulu ake liƙe shi har a iso gari. Yakan ce sandar da ke juya tayar baya ita ce lagon Land Rover, takan karye in an matsa mata a yashi. Saboda haka ba ya fita sai da wata a ƙarƙashin kujera, in kuwa babu, sai ya zare karyayyar ya dawo gida da jan ƙafafun gaba kaɗai. A zamaninsu ba a kiran mutum direba sai ya zama rabin bakanike.

Land Rover ta samu injin dizal tun 1957, amma mai turbo bai zo mata ba sai 1986, kuma kafin nan Japan ta riga ta ƙwace kasuwa. Toyota ta fara motarta ta daji a 1951, ta raɗa mata suna Land Cruiser a 1954, ta fito da samfurin 70 a 1984. Hilux kuwa ta samu jan ƙafa huɗu a 1979. Direbobi suka ga mota wadda ba ta yawan ɗigar mai, ƙafafunta ba sa karyewa, sai suka koma gare ta. A 1987 duniya ta shaida abin da direbobin hamada suka riga suka sani, lokacin da sojojin Chadi a kan a-kori-kura suka fatattaki tankokin Libiya a Fada cikin Janairu, da Wadi Dum cikin Maris, har aka sa wa yaƙin suna Yaƙin Toyota. A Agadas kuma, tseren Paris zuwa Dakar da aka fara a ƙarshen 1978, da masu yawon buɗe ido da ke shiga duwatsun Ayar da Tenere, da jigilar Dirku da Bilma, sun raini kanikawan da ke iya sauke giya a tsakiyar rairayi bisa tabarma. A 1990 Toyota ta fito da injuna biyu masu silinda shida da lita 4.2, wato 1HZ marar turbo da 1HD-T mai turbo. Su ne har gobe ake rantsuwa da su a garejojinmu.

Abin da ya mayar da gyara cikin gida sosai shi ne tsarin tattalin arziki na SAP na 1986. Naira ta faɗi, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci da ɗan kasuwa, masana'antun haɗa motoci irin na Leyland da ke Ibadan suka durƙushe. Aka koma ga 'yan Kwatano da kayan Beljiyam. Kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna suka zama makarantu, inda yaro zai ga cikin inji a baje a ƙasa kafin ya san sunayen sassansa. Ma'aikatun gwamnati da ƙungiyoyin agaji kuma sukan yi gwanjon motocinsu in sun tsufa. Ta wannan hanya tawa ta zo hannuna, samfurin 80 mai 1HD-T, fentinta ya ƙoƙe amma ƙashinta lafiya lau.

Mai gyara a gida da hayaƙi yake fara karatu. Baƙi na nufin mai ya fi iska yawa, ko matatar iska ta toshe da ƙurar hunturu, ko nozul ya daina feshi ya koma ɗiga. Shuɗi na nufin injin na cin baƙin mai, ta zoben fistin ko ta turbo. Fari mai ɗorewa bayan injin ya yi zafi kuwa, a duba gaskit, wataƙila ruwa na shiga silinda. Sai kuma aikin da kowane mai dizal ya sani, fitar da iska daga layin mai bayan an canja matata. Ka sassauta ƙusar, ka yi ta danna ɗan famfon hannu da ke saman matatar, kumfa na fita tana tsartuwa, har mai ya zo tas babu ƙwayar iska, sannan ka ɗaure. Shi turbo, ka cire bututun da ke gabansa in injin ya huce, ka kama tsakiyar farfelar da yatsu biyu ka girgiza. Ɗan motsi kaɗan gefe da gefe ba laifi ba ne. In tana gaba da baya, ko bakinta ya fara gogar gidanta, to kwanansa ya ƙare. Abin da ke juyawa fiye da sau 100,000 a minti ɗaya, kuma baƙin mai kaɗai ke ɗauke da shi, ba ya yafe dattin mai, ba ya kuma yafe a kashe mota nan take bayan doguwar tafiya ba a bar ta ta ɗan huta a silo ba.

Akwai iyakar da mai hankali ba ya ƙetarewa a gida, ita ce cikin famfon da ke auna mai. Wannan na masu shi ne. Akwai wani dattijo a unguwarmu da ya ƙare rayuwarsa a kan famfo da nozul, shagonsa a share kamar ɗakin amarya, ba ya yarda a shigo masa da takalmi. Yakan ɗaura nozul a na'urar gwaji, ya danna hannunta, ya kasa kunne ga ƙarar feshin kafin ma ya dubi agogon. Wata rana wani matashi ya roƙe shi ya buɗe wa motarsa mai don ta ƙara gudu. Ya dube shi ya ce, "Yaro, ƙarfin da kake nema zan iya ba ka yanzu, amma fistin ɗinka ne zai biya." Matashin ya ce, "Baba, ai kowa haka yake yi." Ya ce, "Shi ya sa kowa ke sauke inji."

Maganar dattijon ita ce ma'aunin duk wani sauyi da ake yi wa waɗannan motoci. Sauye-sauyen da hamada ta koyar masu amfani ne: ƙarin tankin mai, ƙarin ganyen sifirin don kaya, matatar mai ta biyu mai raba ruwa da dizal saboda man jarka, da ɗaga bakin shan iska zuwa saman gilashi inda ƙura ba ta da kauri. Masu cutarwa kuwa su ne na gaggawa. Mutum ya liƙa wa 1HZ turbo, alhali ba a gina fistin ɗinsa don wannan zafin ba, ya ƙara mai, bai sa abin sanyaya iska ba, bai sa agogon auna zafin hayaƙi ba, sai ranar da zai hau tudu da kaya fistin ya tsage. Haka al'adar cire tamostat da sunan wai ƙasarmu akwai zafi. Injin da bai kai zafin aikinsa ba ya fi shan mai, ya fi saurin cinyewa. In mota na zafi, a wanke lagireto, a duba fanka da famfon ruwa. Bel ɗin tayimin kuma a canja shi a kan kilomita 100,000, kada a jira ya tsinke ya haɗa fistin da bawul.

Daga ƙarshen shekarun 1990 zamani ya juya. Land Rover ta kawo injin Td5 mai kwamfuta a 1998, Hilux ta 2005 ta zo da injin D-4D, inda lantarki ke sarrafa feshin mai a matsin da ba a kusantarsa da sifana a tsakar gida. Waɗannan injuna sun fi ƙarfi, sun fi tsabtar hayaƙi, kuma dole yaranmu su koyi na'urar da ke karanta su. Amma da tsohuwar zuma ake magani. Har yau motar da ke kai allura ƙauye da damina, da wadda ke ɗauko mai naƙuda daga inda babu hanya, sau da yawa mai tsohon famfon ƙarfe ce, kuma Toyota ta shafe fiye da shekara 30 tana ƙera 1HZ saboda ƙasashe irin namu.

Masu sanin wannan aiki suna tsufa, kuma iliminsu a ka yake, ba a takarda ba. Kirana ga makarantun koyon sana'a da ƙungiyoyin kanikawa shi ne su jawo waɗannan dattawa su koyar, a rubuta abin da suka sani da Hausa tun suna raye. Kai kuma mai tsohuwar motar daji, ranar da za ka buɗe bonet ka kira ɗanka ko ƙanenka ya riƙe maka fitila, ka gaya masa sunan kowane ƙarfe da aikinsa.