Garin Nanxiang da tarihin ƙunshin fulawa mai romo

Nanxiang tsohon gari ne a gundumar Jiading, arewa maso yamma da tsakiyar birnin Shanghai na ƙasar Sin, kuma sunansa, wanda ke nufin tashi zuwa kudu, ya samo asali ne daga wani wurin bautar mabiya addinin Buddha da aka gina a shekarar 505, inda almara ta ce wasu fararen gauraki sun zauna kafin su yi kudu. A zamanin daulolin Ming da Qing garin ya bunƙasa da cinikin auduga da saƙa har aka yi masa laƙabi da Nanxiang na azurfa, kuma a cikin wannan yalwa ne aka dasa lambun Guyi a ƙarni na 16, wanda daga baya ya zama matattarar 'yan kasuwa da mashaya shayi.

Abincin da ya fitar da sunan garin shi ne xiaolongbao, kalmar da ta haɗa gaɓoɓi uku: xiao na nufin ƙarami, long kwandon gora ne da ake turara abinci a ciki kamar madambaci, bao kuwa ƙunshi ne. Mutanen yankin sun fi kiransa xiaolong mantou. Ruwayar da ta fi yaɗuwa ta danganta shi da Huang Mingxian, mai shagon Rihuaxuan, wanda aka ce a shekarar 1871 masu kwaikwayon manyan ƙunshin naman da yake sayarwa a lambun Guyi sun dame shi, sai ya rage girman ƙunshin, ya sirantar da fatarsa, ya ƙara yawan abin da ke ciki, domin ya fito da abin da ba kowane hannu zai iya ba.

Gwanintar tana cikin yadda ake shigar da romo ba tare da an zuba shi ba. Ana dafa fatar alade har ta narke, a bar romon ya huce ya daskare, kamar yadda romon ƙafar saniya yake kamewa idan ya kwana, sannan a yayyanka shi a cuɗa da niƙaƙƙen nama. Ana murza kwaɓin fulawar da ba a sa masa yis ba ya yi fale-fale, a ɗora naman a tsakiya, a tattara bakin da ƙananan naɗe-naɗe a murɗe shi a sama. Idan tururi ya buga, daskararren romon sai ya koma ruwa a cikin fatar da ba ta fashe ba. Saboda zafinsa ne masu ci suke ɗora shi a cokali, su ɗan ɓula gefe su zuƙe romon, kafin su tsoma sauran a baƙin ruwan khal na Zhenjiang da yankakkiyar citta. A lokacin kaka akan ƙara ƙwan ƙaguwa da namanta. Musulmin Sin 'yan ƙabilar Hui, musamman a birnin Xi'an, suna da irin nasu ƙunshin mai romo da suke yi da naman sa ko na rago.

Ikirarin Nanxiang na zama mahaifar wannan abinci bai tsira daga jayayya ba, domin mutanen Changzhou suna cewa a wani gidan shayi nasu aka fara yin sa tun zamanin Sarki Daoguang, wanda ya yi mulki daga 1820 zuwa 1850, yayin da birnin Kaifeng yake kai nasa ƙunshin mai romo har daular Song. Abin da ya fi kusa da gaskiya shi ne Nanxiang ya gyara wata dabara da ta riga ta wanzu, sa'an nan ya yi dacen zama a bakin birnin da ya fi kowanne ciniki. A shekarar 1900 wani ɗan'uwan Huang mai suna Wu Xiangsheng ya buɗe shago kusa da lambun Yu a tsohon birnin Shanghai, kuma shagon yana nan da sunan Nanxiang Mantou Dian. Yaɗuwar abincin a duniya kuwa ta biyo ta birnin Taipei ne, inda shagon Din Tai Fung, wanda ya fara da sayar da man girki a 1958, ya koma yin xiaolongbao a 1972, ya kuma tsayar da naɗi 18 ga kowane ƙunshi.

Gwamnatin Sin ta shigar da sana'ar ta Nanxiang cikin jerin al'adun gargajiya na ƙasa a 2014. Tun da layin jirgin ƙasa na 11 ya isa garin a ƙarshen 2009, mazauna Shanghai suna iya zuwa da safe su zaga lambun Guyi da tagwayen hasumiyoyin tubali na tsohon wurin bautar, su ci kwando ɗaya ko biyu a shagunan da suka yi layi a gefen lambun, su koma gida kafin magariba.