Kwaɗon da Ba Shi da Kai: Yadda Aka Gano Aikin Laka

Idan yatsa ya taɓa garwashi, hannu yakan janye tun kafin mutum ya ji raɗaɗin ƙuna. To, wa ya ba hannun umarni? Wannan tambaya ta ci wa masana tuwo a ƙwarya tsawon ƙarnoni.

Jalinus, likitan da ya yi zamani a birnin Rum a ƙarni na 2, ya nuna cewa akwai jijiyoyi, daban da na jini, waɗanda aikinsu kai saƙo ne. Ya yanke wata jijiya a wuyan alade, nan take ihunsa ya ɗauke. Sai dai ya ɗauka jijiyoyin bututu ne da wata iska mai sauƙi ke bi daga ƙwaƙwalwa zuwa gaɓoɓi. Likitocin Larabawa da na Turai sun riƙe wannan ra'ayi fiye da shekara dubu.

A ƙarni na 17, René Descartes na Faransa ya kawo misalin wanda ƙafarsa ta kusanci wuta. A ganinsa, zafin yana fizgar wani siririn zare a cikin jijiya, zaren ya buɗe wata kafa a ƙwaƙwalwa, iskar ta kwararo cikin tsoka, ƙafar ta janye. Ya kuskure hanyar, amma ya gane cewa jiki yana iya mayar da martani ba tare da ya jira niyyar mai shi ba.

Kwaɗo ne ya gyara kuskuren. A 1751, Robert Whytt, likita a ƙasar Sikotilan, ya bayyana cewa kwaɗon da aka cire wa kai yana janye ƙafarsa idan an mintsine ta. Da zarar an lalata laka, wato farin abin nan mai laushi da ke cikin ƙashin baya, sai motsin ya tsaya cak. Ashe ba lallai ne saƙon ya isa ƙwaƙwalwa ba. A laka yake juyowa.

Saura a san ta ina saƙon ke shiga, ta ina yake fita. A 1822, François Magendie ya yi gwaji da 'yan kwikwiyo a Faris. Kowace jijiya tana manne da laka da saiwa biyu. Da ya yanke ta baya, ƙafa ta daina jin taɓi. Da ya yanke ta gaba, ta daina motsi. Charles Bell, wanda ya yi rubutu kan saiwoyin a Landan a 1811, ya ce shi ya riga gano haka, aka daɗe ana taƙaddama. A yau da sunayensu biyu ake kiran wannan ƙa'ida.

Duk da haka kwaɗon bai daina rikita masana ba. A 1853, Eduard Pflüger na Jamus ya lura cewa idan an ɗiga wa kwaɗo marar kai asid a jiki, yakan goge wurin da ƙafa. Idan an cire ƙafar, sai ya nemi gogewa da ɗayar. Daga nan ya yanke cewa laka ma tana da irin nata sani. Muhawara ta kaure, domin batun ya shafi inda hankali yake a jikin halitta.

Charles Sherrington na Ingila ya nuna cewa wannan dabara a tsarin haɗuwar jijiyoyi take. A littafinsa na 1906 ya bayyana yadda saƙo ke tsallakawa daga wata jijiya zuwa wata ta ɗan mahaɗi, da yadda laka ke sa tsoka ɗaya ta tsuke, ta kuma sassauta kishiyarta a lokaci guda. Ya sami kyautar Nobel a 1932.

Amfanin binciken ya isa ɗakin duba marasa lafiya tun 1875, lokacin da Wilhelm Erb da Carl Westphal suka bayyana zaburar da ƙafa ke yi idan an buga ƙasan gwiwa. Har yau likita yakan ɗauki 'yar gudumar roba ya gwada. Idan ƙafar ta ƙi zabura, yakan zargi jijiyar ko ɓangaren lakar da take shiga. Idan ta zabura fiye da kima, yakan nemi matsalar can sama, a hanyar da ta sauko daga ƙwaƙwalwa.